Ƙofa Biyu a Akwatin Ɗakin Goro

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce, don babu dabbar da ta yi magana a cikinta. Akwati ne ya yi magana, shi ma ban taɓa ji da kunnena ba, cewa aka yi yana yi.

Mu mutanen Djougou ne, jikokin fataken goro. Kakan mijina ya sauke kaya a garin nan a hanyarsa ta dawowa daga Gwanja, bai ƙara ɗauka ba. Gidan da ya gina yana nan, da zaurensa na baƙi, da wani ɗaki can ƙurya mai kaurin bango inda ake jibge huhunan goro saboda sanyinsa. Goro ya daina kwana a gidan tun ina da ƙarfina, amma har yau ɗakin goro ake ce masa, kuma a ciki nake kwana. Abu biyu aka hore ni da su ranar da aka kawo ni gidan. Na ɗaya, abin da baƙo ya shigo da shi, kowane iri ne, ba ya fita ta bakin mai masauki. Na biyu, ba a mayar da kwano wofi. Na tsufa ina tsammanin waɗannan biyun ba za su taɓa karo da juna ba.

Akwai na uku, wanda ba sai an hori mace ba, da shi ake haihuwarta a wurinmu: kunyar ɗan fari. 'Yata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Tun da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, ta tashi tana ce mini Yaya, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. In ta shigo ɗaki nakan sami abin yi a tsakar gida. In aka yabe ta a gabana sai in ce miyar yau ta yi gishiri. Ta yi aure a Parakou, ta haifi 'ya ɗaya, ta riƙe sana'ar man kaɗe, Allah ya karɓi abinsa tana da sauran ƙarfinta. Ranar da labari ya zo, mata suka cika gidan suna kuka, ni ina bin su da ruwan sha. Haka aka san uwa mai kunya, haka na yi.

Yarinyar da ta bari ita ce jikar da za ku yi ta jin zancenta. Ta yi lakwal, wato boko, har lakwal ta gaji da ita, ta buɗe shago a unguwar Banikanni can Parakou tana gyara wayoyi da ordinata, wato kwamfuta. Bayan rasuwar da ɗan lokaci sai ga ta da wani baƙin akwati, bai kai kwanon sha girma ba, da igiyoyi, da faifan rana da aka ɗora mana bisa rufi, don kuran, wato lantarkin garinmu, ba shi da alkawari.

"Kaka, baƙo na kawo miki."

"Ya ci abinci?"

"Wuta yake ci, ita ma kaɗan. Ba ya yawo, ba ya tsegumi. Ya fi wasu tsofaffin da na sani."

"Ja'ira. Me ke cikinsa?"

Ta ce hotunan zuriyarmu ne duka, na suna da na aure da na Salla, da kuma muryoyin da ta kwaso daga wayar mahaifiyarta, irin saƙon da ake aikawa da baki. Ta ce mutane da yawa a gajimare suke ajiye irin wannan. Na ce gajimare ai ba ya riƙo, zubarwa yake yi. Ta ce ba wancan gajimaren ba, rumbunan wasu ne a ƙasashen nesa, ka ba su ajiya su kuma su riƙa leƙawa. Ita ba ta yarda ba. Namu a gidanmu zai kwana, mabuɗi a hannunmu, duk ɗan gidan da ke Parakou ko Cotonou in yana son gani sai wayarsa ta yi sallama a nan. Wannan kam na gane, maganar mai masauki ce. Ta zaɓi ɗakina saboda sanyi, ta ce abin da goro ke so shi baƙon ke so, inuwa da iska. Na riƙe inuwar, na manta iskar.

Kafin ta tafi ta karɓi wayata ta shafa, ta shafa, ta nuna mini wata alama.

"In kin taɓa nan, Mama ce."

"Me zan yi da shi? Ki nuna wa kawunki."

Amma idona ya riga ya ga inda yatsanta ya sauka.

Ba zan ɓoye muku ba, tunda shekaru sun fara kwance mini bakin zane. Wata safiya bayan na sallame sallar asuba, kafin matan gidan su fito hura wuta, na turo ƙofa na taɓa wurin. Muryoyin suna da yawa, yawancinsu na ciniki ne, wa ya karɓi man kaɗe, wa bai karɓa ba. A cikinsu akwai wanda ta aiko ta wayar ƙaninta don a sa mini in ji, ni kuwa a lokacin na ce ina aiki. Ga abin da ke ciki: tana gaishe ni, tana cewa ta sa mini mai a motar safe, direban mai jar hula ne, in aika a karɓa. Sai ta yi tari. Sai ta ce, "Kada ki rabar, Inna, naki ne." Sai ta yi 'yar dariya, kamar wadda ta taka abin da bai kamata ba, ta gyara ta ce, "Yaya."

Sau ɗaya ke nan a duniya ta ce mini Inna. Tun daga ranar, kowace safiya, sai na ji shi kafin in sa komai a bakina. Babu wanda ya sani. Haka na ɗauka.

Damina ta wuce, wata ta zo. Jikata ta zo hutun ƙarshen mako, ta ce za ta sauya wa akwatin riga, wato masu ƙera abin da ke tafiyar da cikinsa sun fito da sabo. Ta zauna bakin gadona da ordinatarta bisa cinya, tana ci mini gyaɗa. Can sai na ji ta ce, "Kai! Ashe a buɗe take."

"Mece ce a buɗe?"

"Wata ƙofa. Kaka, laifina ne, ban duba ba lokacin da na kafa shi. Tun da ya zo yana aika donne."

"Don me?"

"Ba don me ba. Donne. Kalmar Faransanci ce."

"Na san ta. Ita yaran kasuwa ke faɗa in suna roƙon ƙosai."

Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. Ta ce asalinsu ɗaya, ma'anarta abin da aka bayar. Na ce to tsaya. In sunansa abin da aka bayar, wa ya bayar? Ni dai ba a tambaye ni ba. Ta ce ai shi ya sa take tambayata yanzu, sabuwar rigar ce ta fito da tambayar fili, da a ɓoye take can ƙasa. Ɗakina ne, baƙona ne, ni ke da cewa.

Na ce ta faɗa mini da Hausa wa yake aika wa, kuma me yake cewa.

Ta ce mutanen da suka ƙera abin ne. Ba kamfani ba, wasu bayin Allah ne warwatse a duniya, kowa da aikinsa, suka haɗu suka yi shi suka ba kowa kyauta. Ba su ga hotunanmu, ba su jin muryoyinmu. Abin da akwatin ke gaya musu lokaci-lokaci shi ne yadda ake amfani da shi: wane ɓangare aka fi buɗewa, sau nawa, ina yake tuntuɓe. Da haka suke sanin inda za su gyara.

Wane ɓangare aka fi buɗewa. Sau nawa.

Na dubi akwatin, yana nan bisa kanta da ɗan koren idonsa, yana ƙyaftawa kamar yadda ya saba. Ashe duk safiyar da na turo ƙofa, akwai wanda ke ƙirga ni.

"Kada ki damu," in ji ta, don ta ga fuskata. "Anonim ne. Ba ya faɗin suna."

Ku da kuka yi karatu, ku taya ni a nan, don har yau kaina bai gama ɗauka ba. Ita a wurinta rashin suna shi ne kwanciyar hankali. Ni kuwa a inda na tashi, saƙo na gari da sunan mai shi yake tafiya: wane ɗan wane ya ce a gaishe ka. Maganar da ke yawo ba suna ita muke kira "an ce", kuma "an ce" ita ta raba gidaje a unguwar nan fiye da gobara. Na gaya mata haka. Ta ce ba sunan mai magana ake ɓoyewa ba, sunan wanda ake magana a kansa ne. Na ce to ai wannan ita ce habaici. Ta dafe kai.

"Kaka, ki bar ni in rufe kawai."

Da na ce ta rufe da an huta. Amma sai ɗayar maganar ta taso mini. Mutanen nan sun ba mu abu kyauta, abin da ya riƙe mini abin da ya riƙe. Ba su nemi ko goro ba. Ɗan abin da suka roƙa ke nan, a gaya musu yadda kayansu ke yi. Yaba kyauta tukwici. In na rufe, na mayar da kwano wofi. In na bari, sirrin ɗakina ya fita ta bakin baƙona. Horon gidanmu guda biyu suka tsaya suna kallon juna, ni ina tsakiya.

Na ce tsohuwa ba ta yanke magana ranar da ta ji ta. Ta ce to, ta rufe kafin in yanke. Ta taɓa gilashin da ɗan yatsa, ta ce shi ke nan.

Shi ke nan? Ban ji ƙarar sakata ba. Ban ga ƙyaure ya motsa ba. Koren idon yana nan yana ƙyaftawa kamar ɗazu. Ƙofar da ta yi damina guda a buɗe ba wanda ya gani, ta yaya zan san yau a rufe take?

Bayan ta koma, kawunta ya ratso Djougou. Shi ne ɗana na biyu, dillalin shanu ne, gidansa na unguwar Ladjifarani a Parakou. Na tambaye shi a kaikaice, kamar zancen wata ce.

"Inna, wannan ai ba komai ba ne. Kamar bakin kara ne. Mai ƙirga yana zaune yana cewa kai kaza sun shiga, kai kaza sun fita. Yana tambayar saniya sunanta?"

"Kai in ka ga garke ya wuce, ba ka sanin na wane ne?"

"Ni ai daga tafiyarsu nake ganewa. Ko sawu na gani."

"To?"

Ya tsaya, ya sosa ƙeya a ƙarƙashin hula. "To ai Turawan can ba su san sawunmu ba." Can kuma ya ce, "Ko dai a cire abin a huta?" Na ce ya sha fura ya kama hanya kafin rana ta yi. Ya zo ya ƙara mini duhu ya tafi.

Sai na yi abin da na iya. Na daina taɓa alamar. Asuba ta yi, in sallame, in zauna da carbi, wayar tana gefen tabarma kamar kwanon da aka hana ni buɗewa. In zan sauya zane sai in juya wa akwatin baya. In maƙwabciyata ta shigo hira sai in ja ta tsakar gida. Duk da haka idon nan bai bar ni ba. Na ɗauko tsohon zane na rufe shi. Hasken ya ratso zanen. Na ƙara bargo. Na kife tasa a kai, na ɗora dutsen guga bisa tasar. Sannan na ji na rufe ƙofa irin wadda na sani.

A kwanakin nan jikata ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da sassafe, rana ba ta gama fitowa ba, sai waya.

"Kaka, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Wani abu ne?"

"A'a. Ba kya jin jiki? Kin yi salla? Wayarki tana da caji?"

"Ke, yaushe kika zama likita? In miji kike nema ki faɗa, a daina tashina da tambaya."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Na ce a raina yarinyar nan kewar uwa ke damunta, ban kawo komai ba.

Ran nan da azahar na ji wani kuka a ƙarƙashin bargon, siriri, kamar sauro ya shiga kwalba. Na taɓa tasar, sai da na janye hannu. Kafin in gama kwashe kayan, kukan ya tsaya. Na ɗaga zanen ƙarshe. Idon ya mutu.

Na taɓa alamar a wayata, karo na farko bayan kwanaki. Wani abu ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, babu murya.

Jama'a, na binne miji, na binne 'ya, ban zubar da hawaye gaban kowa ba. Ranar nan na zauna a ƙasan ɗakin goro da baƙin akwati mai zafi a cinyata, na ce shi ke nan, da hannuna na toshe mata numfashi. Kalma ɗaya ta bar mini a duniya, na ɗora mata dutsen guga.

Washegari na naɗe shi a zane mai tsabta na shiga motar Parakou. Yaron mota ya ce in kawo a sa a baya, na ce marar lafiya ne. Matar da ke kusa da ni ta leƙa, ta ga babu kai babu ƙafa, ta matsa can jikin taga har muka isa. Ɗana ya tarye ni a tasha ya ɗora ni bisa zem, wato babur ɗin haya, ni da ban hau ba tun ƙafata na da kyau. Muka kutsa Banikanni, masu walda na ta tartsatsi, masu injin niƙa na ta ruri, ina rungume da abina.

Jikata ta gan ni a ƙofar shago ta miƙe tsaye. Ba akwatin ta fara duba ba, ni ta duba, sama da ƙasa. Sannan ta kwance zanen, ta shinshina.

"Kaka, dafa shi kika yi?"

"Rufe shi na yi."

"Da me?"

Na lissafa mata. Da na kai kan dutsen guga kawunta ya fita waje, ina jin dariyarsa ta bango. Ita ba ta yi dariya ba. Ta kwance cikinsa, ta hure ƙura, ta sa masa igiya. Ta ce zafi ne ya yi masa yawa ya kashe kansa don kada ya ƙone, dabara ce da aka gina shi da ita. Ta ce ko da ya ƙone ma, akwai ɗan'uwansa a nan ƙarƙashin teburinta, duk abin da ke cikin wancan yana cikin wannan. Na ce ashe tagwaye ne ba a gaya mini ba. To muryar tana can ko tana nan? Ta ce duka biyun. Na bar wannan, don kaina ya riga ya cika.

Idon ya buɗe. Kore. Na ce alhamdu lillahi a ciki, a waje na ce shagon nata yana da ƙura.

Ta jawo mini kujera ta ce yau sai na ga ƙofar da idona. Ta buɗe ordinata ta nuno wasu 'yan layuka, ba su kai tsawon gaisuwar safe ba. Ta ce ga duk abin da yake aikawa a da, ta karanta mini da Hausa: akwati iri kaza, riga ta kaza, mutanen gida kaza ne ke shiga, ana buɗe ɓangaren hotuna, ana buɗe ɓangaren sauti, bai faɗi ba. Babu Djougou a ciki, babu tsohuwa, babu asuba.

"Ba ya cewa wace murya?"

"Ba ya cewa."

Sannan na faɗi abin da ya daɗe yana cina. Na ce ni ma ai shekara da shekaru ban faɗi wani suna ba. Nakan ce waccan, nakan ce ta Parakou. Akwai wanda bai san wa nake nufi ba?

Ta ce gaskiya ne, wani lokaci in aka tara ƙananan alamu ana iya gane mutum ko ba suna. A kan waɗannan layukan ba ta tsammanin haka, amma ba za ta rantse mini ba. Kuma abin da ya riga ya tafi ba ta da hanyar dawo da shi. Na ce na sani, magana zarar bunu ce.

"To in su ba su sani ba," na ce, "babu wanda ya sani ke nan."

Ta leƙa waje ta ce wa kawunta ya je ya samo mana wagashi, soyayyen cukun nan, mai zafi, na can bakin titi, ba na kusa ba. Da ƙarar takalminsa ta yi nisa sai ta ce, "Kaka, ƙofar biyu ce."

Ta ce waccan ta waje ce. Akwai ta ciki, wadda ba ta zuwa ko'ina sai wurin mai riƙe da mabuɗi. Akwatin yana rubuta wa kansa wa ya shigo, yaushe, me ya buɗe, don in wani abu ya lalace a san inda aka faro. Mai mabuɗin kuwa ita ce.

Na dubi ƙasa. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙusa a ƙasan shagon, na kafa masa ido kamar shi ya kawo ni Parakou.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko." Muryarta ta yi ƙasa. "Ban nema ba, gani na yi. Daga baya kuma na riƙa nema. Kowace safiya kafin in buɗe shago sai in duba. In na ga an taɓa, na san kin tashi, kin yi salla, hannunki na aiki. Sai in ce, tsohuwar tana nan. Ni ma sai in saurara, wannan ɗin dai, don in ji abin da kika ji." Ta goge hanci da bayan hannu. "Da kika daina taɓawa, na zaci ko kin faɗi ne ba mai gaya mini. Ba dama in tambaye ki, don kada ki san na sani."

Ni ina can ina yaƙi da mutanen da ban san ƙasarsu ba, ina kife musu tasa. Ashe mai ƙirga ni jinina ce, kuma ba sau nawa take ƙirgawa ba, numfashina take ƙirgawa. Ban san ko fushi ya kamata in yi ba. Na lalubi fushin a cikina, na same shi, ɗan kaɗan ne, kuma an cuɗe shi da wani abu da ban san sunansa ba.

"Ya kamata in gaya miki tun farko," ta ce. "Ita ma ana rufewa. In kin ce in rufe, yanzu zan rufe, ba zan ƙara gani ba. Wallahi."

Na ce mu fara da ta waje. Ta waje a rufe. In baƙon ya yi ciwo yana son ya gaya wa masu shi, ya tambaye ta tukuna, ita kuma ta karanta mini abin da zai faɗa. Ta ce akwai wannan zaɓin, ta taɓa. Na ce saura kwano. Ta ce mutanen suna da wani dandali inda ake rubuta musu godiya ko ƙorafi. Na ce ta rubuta: wata tsohuwa ta gode, kayansu ya riƙe amana. Amma a gidanmu baƙo ba ya fita sai ya sallami mai gida, su gina ƙofar a rufe, mai so ya buɗe da kansa. Ta ce a sa suna? Na ce ta sa jikar fataken goro, wanda ya sani ya sani. Na kwance bakin zanena na ba ta goro fari guda biyu a haɗa musu. Ta ce babu motar da ke zuwa can.

"Ta cikin fa, Kaka?"

Yatsanta yana tsaye bisa gilashin. A waje wani mai zem yana faɗa da mai kaya a kan buhun doya. Na saurare su har suka gama.

"Ba ke kika ce ɗakin goro iska yake so ba?" na ce. "Kin ga abin da rufewa ta jawo. Ina wagashin nan, ko sai an tatso saniyar?"

Ta janye hannunta. Ba mu ƙara tayar da zancen ba har yau.

To ga inda kowa ya ƙare. Kawun ya dawo da wagashi ya tarar da goro biyu bisa tebur, ya cinye tukwicin mutanen bai sani ba. Da ya mayar da ni gida ya sa kafinta ya ƙera wa akwatin ɗan keji na waya, iska na shiga ta ko'ina, da sakata ta ƙarfe a gaba. Shi da jikata duk sun ce sakatar ba ta hana komai fita. Na ji. Ina dai sa ta, kuma ina jin ƙararta. Mutanen nesa, an ce ɗayansu ya amsa da godiya ya ce za su duba. Ko sun gyara ko ba su gyara ba, ban sani ba, ban kuma san inda 'yan layukan da suka riga suka tafi suke kwana ba. Jikata tana Banikanni, ta daina kirana da sassafe, ta koma kiran yamma tana tsokanata. Waccan, ta Parakou, tana inda Allah ya ajiye ta, muryarta kuma tana wuri biyu, abin da har gobe ban gane ba. Ni kuwa ina ɗakin goro. In na sallame asuba nakan turo ƙofa in taɓa alamar, a ce mini kada in rabar, nawa ne. Ban rabar ba. Mutum ɗaya ce kawai take ɗanɗanawa daga nesa, ita ma gadonta ne.

Ga kunnuwanku nan, na mayar. Ku duba, ban rage komai ba.